Gudunmawar Alhaji Buba

A zuriyar Malam Abu na Kwandiko akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma babu wanda ya taɓa tsallake ta. Idan ɗan gidan ya isa kama sana'a, ba a damƙa masa kuɗi a hannu. Manyan gida ne suke raba kayan aikin a tsakaninsu, kowa ya sayo abu guda ya kawo da kansa, babban gida kuma shi ne mai kawo kan inji. Abin da aka kawo kuwa ya zauna ke nan: ba a mayarwa, ba a canjawa, ba a kuma ce wa mai shi ya yi kaɗan ko ya yi yawa.

Haka aka yi wa Sada lokacin da ya fara ɗinki, tun ƙasar nan tana ƙarƙashin Kano. Wani ya kawo kan keke, wani ƙafarsa, wani almakashi da dutsen guga. Haka aka yi wa Ɗanbala da injin niƙa a shekarar da aka yanke jihar Jigawa. Shi bel aka kawo masa wanda ya yi tsawo, amma maimakon ya yanke kyautar babba, sai ya fasa dakalin da ya riga ya zuba, ya ja injin baya, ya sake zuba wani. An daɗe ana ba yaran gidan labarin wannan dakali.

Jamaluddeen ya tashi yana jin labarin. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifin, ita ta riƙe shi a Birnin Kudu. Da ya gama karatu ya je Kano ya koyo aikin kwamfuta, ya dawo ya zauna a shagon Bernard kusa da tasha. Shi Bernard mutumin Filato ne, ya zo garin yana buga keken rubutu a sakatariya sa'ad da jihar take sabuwa, daga baya ya buɗe shagon buga takardu. A wancan zamani, duk mai son takardar neman aiki ko katin ɗaurin aure, shagon nan yake zuwa ya zauna a benci yana kallon haruffa suna fitowa a gilashi kamar abin almara.

Amma Jamaluddeen ya ga abin da ya fi haruffa. A Kano ya ga kwamfutar da aka harhaɗa musamman domin wasa, ya ga 'yan ƙwallo suna gudu a cikinta riguna suna kaɗawa, har inuwarsu tana bin su a kan ciyawa. Na shagon Bernard kuwa in aka sa musu wasa, sai 'yan ƙwallon su riƙa ɗingishi suna tsayawa a tsakiyar fili. Tun daga lokacin ya ƙudura zai haɗa tasa da hannunsa, ya zaɓi kowane ɓangare da kansa, ya ajiye ta a ɗan shagon da ke ƙofar gidan Gwaggo, samari su riƙa zuwa suna bugawa. Gwaggo kaɗai ya faɗa wa. Kafin mako ya zagayo aka aiko daga Gwaram cewa Alhaji Buba yana neman kowa.

Alhaji Buba shi ne babban gida a lokacin, wan mahaifin Jamaluddeen, tsohon direban babbar mota wanda ya zama mai motocin kansa. A zaurensa aka zauna bayan sallar Juma'a: shi a kan kujera, Sada da Ɗanbala a tabarma, Talatu daga bakin ƙofar cikin gida, Jamaluddeen a durƙushe.

"An ce wasa za ka mayar sana'a," in ji Alhaji Buba.

"Haka ne, Baffa."

Sada ya ce shi dai bai taɓa jin an yi wa wasa gudunmawa ba. Alhaji Buba ya ɗaga masa hannu.

"Malam Abu sana'a ya ce. Bai ce sana'a kaza ba. Da ya ware, da ba a yi wa Ɗanbala ba, mai hana unguwa barcin rana." Ya juya ga Jamaluddeen. "Lissafo mana tarkacen."

Jamaluddeen ya yi bayani a tsanake. Akwai madabod, faffaɗan allo wanda komai a kansa yake zama. Akwai ram, inda inji yake riƙe abin da yake yi a lokacin. Akwai katin hoto, wanda shi ne ruhin wasa, domin shi yake zana duk abin da ido zai gani. Akwai kuma furosesa, ɗan abu da bai kai faɗin akwatin ashana ba, amma shi yake yin tunanin duka.

"Shi ne kan ke nan," in ji Alhaji Buba. "Nawa ne."

"Ni kuma wanda yake ɗauke da kowa," in ji Talatu daga bakin ƙofa. "Na saba."

Sada ya ɗauki ram, Ɗanbala ya ɗauki katin hoto, aka raba akwati da gilashi da sauran ƙananan kaya ga waɗanda ba su samu zuwa ba. Jamaluddeen ya ƙara da roƙo guda. Ya ce kayan nan ba kamar buhun gero ba ne, kowane sai da ɗan'uwansa. Yana da aboki a layin masu kwamfuta a Kano, Salisu, wanda suka yi koyo tare, kuma ya riga ya zaɓi komai a wurinsa. Duk wanda ya je ya ce shi daga wurin Jamalu yake, za a miƙo masa nasa.

Kowa ya ce to. Alhaji Buba bai ce komai ba, aka ɗauka shi ma to ɗin ya ce.

Kaya suka riƙa isowa ɗaya bayan ɗaya. Talatu ta shiga motar Kano da kanta, ta dawo da madabod naɗe a cikin zanenta na aure don kada ya bugu. Ɗanbala ya kawo katin hoto yana mamakin yadda har da 'yar fankarsa. Jamaluddeen ya riƙa jera su a kan teburin baya na shagon Bernard, yana buɗe kwali ya shaƙi ƙamshin sabon abu ya rufe.

Na Alhaji Buba ne ya zo ƙarshe. Shi da kansa ya tsaya a ƙofar gidan Talatu a kan hanyarsa ta komawa Gwaram, ya miƙo ɗan kwali ta tagar mota.

"Ban je wurin yaron naka ba," ya ce. "Ina da mutane a Kano tun ba a haifi ubansa ba. Ɗan wani abokina na tasha yana sayar da irinsu. Ya nuna mini wanda ka ce, na tambaye shi ko akwai wanda ya fi shi. Ya ce akwai, bai daɗe da shigowa ƙasar ba. Na ce to shi za a ba ɗan ƙanina."

Jamaluddeen ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. 

Washegari da hantsi suka shimfiɗa madabod a kan tebur shi da Bernard. A tsakiyar allon akwai farin gurbi mai ƙananan huji jere reras, inda ƙafafun furosesa za su shiga. Jamaluddeen ya buɗe kwalin Baffa, ya juya furosesan. Cikinsa sumul yake, ɗigo-ɗigon ruwan zinariya kawai, babu ƙafa ko ɗaya.

Bernard ya sa tabarau ya duba, ya cire ya sake dubawa.

"Wannan sabon yayi ne, Jamalu. Nasa allon daban. Alhajinku ya sayo maka doki, kai kuma sirdin jaki gare ka."

"Ba yadda za a yi?"

"Akwai. A kira maƙeri ya dasa masa ƙafafu." Ya ga fuskar Jamaluddeen, ya rage dariya. "To a sayi allon da zai ɗauke shi. Amma ka sani, sabon allon ba ya cin irin wannan ram, kuma ramin katin hotonsa ma daban ne. Ka ga mutum uku sun fita saboda mutum ɗaya."

Jamaluddeen ya zauna a benci.

"Ni in ni ne," in ji Bernard, "in aika wa Salisu ya turo wancan na farko a motar gobe. A sa shi, a ɗora fanka a kai. Wa zai sani? Wannan kuma ka ɗaure shi da zare a cikin akwatin. In Alhaji ya tambaya ko nasa yana ciki, ka ce yana ciki. Ko a coci ba za a ce ka yi ƙarya ba."

Jamaluddeen ya yi murmushin dole. Shawarar ta kwanta masa fiye da yadda yake so ta kwanta. Sai dai ya san Baffa. Zai zo ya zauna gaban injin, ya riƙa nuna wa mutane yana cewa saurin nan duk daga nasa ne, shi kuma yana tsaye a gefe yana ji, yau da gobe, har iyakar ran tsohon.

Da ya kai wa Gwaggo labari tana tankaɗe a tsakar gida, sai da ta yi dariya har ta ajiye rariya.

"Yaya ke nan. Ko hula aka aike shi saye, sai ya sayo wadda za ta rufe masa ido." Ta share fuska da gefen mayafi. "Amma ka ji da kyau, Jamalu. Ni abin da ka ce shi na sayo. Tun muna cin tuwo a kwano ɗaya nake matsa masa, wannan karon ba zan matsa ba. Kada kuma ka ɓoye masa. Ranar da ya gane, ba injin zai tsana ba."

"Gwaggo, ta ina zan fara? Ba a taɓa yi ba."

"Da sallama za ka fara."

Ya shiga motar Gwaram da kwalaye biyu a jaka. Damina ce, dawa ta kai kafaɗa a gefen hanya, duwatsun Birnin Kudu suna ja da baya. Duk tsawon tafiyar dakalin Ɗanbala yake tunawa. Da akwai dakalin da zai fasa, da ya fasa.

Ya sami Alhaji Buba a gindin darbejiyar ƙofar gida yana sauraron rediyo. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta damina da ta Gwaggo. Sannan Jamaluddeen ya buɗe kwalayen a kan tabarma, ya nuna hujin allo, ya nuna cikin furosesa, ya faɗi abin da yake tafe da shi kansa a sunkuye.

Alhaji Buba ya kashe rediyo.

"Wato nawa ne bai yi ba."

"Ya fi ƙarfin allon ne, Baffa."

"To a canja allon. A ina aka taɓa jin an sauke kai saboda abin da yake ƙarƙashinsa? Ka ce wa Talatu ni na ce."

"In an canja allon, na Baba Sada ba zai shiga ba. Na Baba Ɗanbala ma haka."

"Su ma a canja."

"Baffa, kai ka koya mana ba a canjawa."

Tsohon ya yi masa kallo mai tsawo. Jamaluddeen bai taɓa mayar masa da magana ba sai ranar.

"Talatu ce ta turo ka ka karanta mini ƙa'idar gidan ubana?"

"A'a, Baffa. Har an ba ni shawarar in sa wani a ɓoye in ce naka ne. Na ga gara ka yi fushi da ni yau."

"Tashi ka ba ni wuri."

Jamaluddeen ya matsa zuwa ƙarshen tabarma, amma bai tashi ba. Aka kira la'asar, suka je masallaci ɗaya a gaba ɗaya a baya, suka dawo suka zauna inda suka tashi. Can Alhaji Buba ya miƙa hannu ya ɗauki furosesan, ya juya shi, ya kai shi kusa da gurbin allon ba tare da ya taɓa ba.

"Na yi rayuwata a cikin kayan mota," ya ce a hankali. "Tun kana buɗe kwalin na gane. Fistan ba ya shiga injin da ba nasa ba don mai shi dattijo ne." Ya ajiye shi. "Na san zai yiwu haka tun a shagon. Yaron ya fara yi mini wani bayani, na katse shi. Ubanka ne ya tsaya mini a rai. Lokacin da ya tashi kama sana'a, fari aka yi, keken hawa na hannu kawai muka iya haɗa masa. Ni na kawo masa firam mai walda. Bai taɓa cewa komai ba har ya koma ga Allah. Na ce ɗansa ba zai karɓi na biyu daga hannuna ba."



Tsohon ya shiga lissafo sunaye, yana bin zuriyar tun daga kan 'ya'yan Malam Abu: wanda aka yi wa saƙa, wanda aka yi wa fawa, wanda aka yi wa tireda. Yana neman inda aka taɓa karɓe kan inji bayan an bayar. Ya bi su kaf bai samu ba. Sai kuma ya gyara zama.

"An ce ba a mayarwa. Ba za mu mayar ba. An ce ba a canjawa. Ba za mu canja ba. Akwai inda aka ce babba ba ya kawo biyu?"

"Ban taɓa ji ba, Baffa."

"Ba ka ji ba domin babu. Wannan naka ne, yana nan a naka, ajiya ka ba ni." Ya rufe kwalin ya zura a aljihun babbar riga. "Gobe za ka kai ni wurin yaron naka."

Washegari suka isa Kano kafin azahar. Shagon Salisu ɗan ƙarami ne, mutum biyu ba sa tsayawa a ciki sai ɗaya ya karkace. Salisu ya ga dattijo da babbar riga, ya miƙe da sauri ya ba shi kujerarsa.

"Ranka ya daɗe, me za a kawo?"

Alhaji Buba ya gyara murya. Jamaluddeen ya ga yadda maganar take yi masa nauyi, ya buɗe baki zai karɓa masa, tsohon ya hana shi da ido.

"Daga wurin Jamalu nake," ya ce. "Wanda ya zaɓa za ka ba ni."

Salisu, da yake ɗan kasuwa ne kuma bai san abin da ya faru ba, ya ce, "Akwai fa wanda ya fi shi, Alhaji, sabon shigowa."

"Na san da shi. Ƙaramin nake so."

A hanyar dawowa, da suka wuce Wudil, Alhaji Buba ya ce daga yau duk wanda za a yi wa gudunmawar inji, mai sana'ar ne zai riƙa raka kowane babba kasuwa. Haka ake yi a gidan har yanzu. Shi kuwa babban furosesan ya ce na wanda zai haɗa kwamfuta ta biyu ne. Kafin a sami mai haɗawa yayinsa ya wuce, ya zauna a kwalinsa a cikin adakar Alhaji.

Ranar Asabar da safe aka haɗa injin a shagon ƙofar gida. Bernard ya riƙe allo, Jamaluddeen ya saukar da furosesa a gurbinsa, ƙafafun suka shige ba tare da an danna ba. Ya shafa masa farin mai na rage zafi, ya ɗora fanka, ya soka ram har ta yi ƙas, ya zaunar da katin hoto. Aka tayar da janareta. Injin ya yi ɗan kuka guda, gilashi ya kawo haske, ba a jima ba filin ƙwallo ya bayyana kore shar, 'yan wasa suna gudu babu mai ɗingishi.

An bar gefen akwatin a buɗe domin manya su leƙa. Ɗanbala ya nuna katinsa da 'yar fankarsa tana juyawa, Sada ya nuna nasa. Na Talatu ba ya bukatar nuni, shi ya cika akwatin. Alhaji Buba ya sunkuya ya daɗe yana dubawa.

"Ina nawa?"

"Yana ƙarƙashin fankar nan, Baffa. Ba a ganinsa."

Tsohon ya miƙe, ya gyara rigarsa a kafaɗa.

"Daidai ne. Shi kaɗai ake yi wa fifita."

"Ga ta nan ma a gefe, Yaya, na Ɗanbala ma ana yi masa," in ji Talatu.

"Tasa ƙarama ce," ya ce, ya ja kujera gaban gilashin, ya tambayi Jamaluddeen waɗanne ne nasu a cikin masu jar riga da masu fara.